Kurkum a Namakkal

Wuta ta ɗauke tun hantsi,
fankoki shida suka tsaya cak.
A rumfar Ponnammal kaji dubu biyu
sun wangale baki, sun saki fukafukai,
ƙirji na bugawa kamar zugazugin maƙeri.

Kaza ba ta gumi.
Zafin da ya shige ta, da haki take korarsa,
in ya fi ƙarfinta sai ta kife.
Jiya goma sha bakwai aka kwashe a kwando,
saura mako guda motar dillali ta zo.

Ɗanta Ilango ya dawo daga kwalejin dabbobi
da takarda a aljihu:
kurkum kaza, garin zogale kaza,
citta ɗan mitsitsi, a kowane buhu.
Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu:
Shekara huɗu ina biyan kuɗi
don a koya maka kayan miyata?

Amma da la'asar ita ce a bakin dutsen niƙa,
yatsunta sun rine rawaya.
Shi kuma yana kan sikeli,
bai yarda da awon tafin hannu ba.

Kwana tara, sama ba ta ce uffan ba.
Dutsen garin na ta amayar da zafi har tsakar dare.

Yau da asuba, uku a kwando.
Ta sake ƙirgawa.
Ba ta yaba masa ba.
Ta dai jiƙa buhunan rufi,
ta ce ya je ya tambayo
nawa ake sayar da kurkum a buhu.