Agogon Baba Yero

Ranar da suka kawo shi
ɗansa ne ya riƙo jakar,
shi kuwa ya rungume gwangwanin madara
cike da ƙananan kusoshi.
Aka ce a karɓe, kada ya haɗiye.
Ni na karɓa. Allah ya yafe mini.

Shekara arba'in da ɗaya
yana gyaran agogo a Sabon Gari,
rumfa ta uku in ka baro tashar jirgi.
Direbobi, malaman Kongo, leburorin kamfanin taba,
duk wanda lokaci ya ɓace masa
wurin Baba Yero yake zuwa cigiya.
Yanzu shi ke tare ni a baranda:
Lanti, yau wace rana?
In ce Talata.
Kafin in kai koko ɗakin Goggo Dije
ya sake tambaya.

Takalmansa kullum a bakin ƙofa,
suna fuskantar waje.

Likita ya zo daga Shika,
ya auna jini, ya auna suga,
ya ce tsohon nan ai ya fi ni lafiya.
Amma tuwo na kwana a kwano,
barci na kwana a waje.
Ba a ƙera abin awon da za a ɗaura a dantse
ya faɗi nauyin yini guda
a kan mutumin da ba mai neman komai wurinsa ba.

Muna yi musu wanka, muna shafa musu mai,
muna juya su kada katifa ta ci bayansu.
Goggo Dije na ƙirga jikoki da ƙwayar magani,
kullum ɗaya na ɓace mata.
Malam Jatau na gardama da rediyo.
Kowa da shimfiɗarsa. Kowa na jira.

A ɗakin cin abinci akwai agogon bango,
ya tsaya tun kafin a ɗauke ni aiki,
huɗu saura kwata, rani da damina.
Wata Asabar, hadari ya taso daga Kufena,
ruwa ya hana kowa motsi,
na sauke shi, na ɗora masa a cinya,
na mayar masa da gwangwaninsa.

Bai ce uffan ba.
Ya kara shi a kunne
yadda ungozoma ke sauraron ciki.
Hannun nan da ke zubar da shayi
ya daina rawa.
La'asar ta yi, ta wuce,
ya nemi fitila, ya nemi man keken ɗinki.
Bayan magariba ya nemi tuwo.

Washegari agogo na tafiya.
Baba Yero ya koma zama kusa da takalmansa.

To, ni ba likita ba ce,
karatuna a aji uku ya tsaya.
Da dare ya raba na taka kujera,
na kwance noti ɗaya,
na ƙulle a bakin zane.
Da safe na ce, Baba, ya sake tsayawa fa.
Ya ce, tsufa ke nan. Kawo shi.

Wata uku muna haka.
Ɗansa na turo kuɗi daga Fatakwal,
bai taɓa saɓa wata ba,
muryarsa a waya minti biyu,
rabi gaisuwa, rabi ƙarar mota.

Jiya ina miƙa masa agogon
ya kama wuyan hannuna, bai ko ɗago ba:
'Yar nan, gobe ki kwance wani wurin,
notin nan ya gaji.
Ki bar wanda kika cire a kan taga,
nawa sun kusa ƙarewa.

Na tsaya kamar an dasa ni.
Ya ce, yau Alhamis ko?
Laraba ce.
Na ce, ka kusa, Baba.

Da na zo shara
takalman suna ƙarƙashin gado.
Ban tambayi wanda ya mayar da su ba.