Milimita Talatin da Shida

Sun dawo da hoton Baba a ambulan mai ruwan ƙasa,
da layi guda: ba a son murmushi.
Wanda ya duba bai sani ba,
tun bara bakin ya karkace hagu, ya ƙi komawa,
ran da ya yanke jiki ya faɗi cikin kwalekwalensa a Iloilo.
Mutumin da ko ranar aurena bai nuna haƙori ba,
yau hukuma ta kama shi da laifin fara'a.

Muka sake fita. Winnipeg, tsakiyar Fabrairu,
ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashin takalmi
kamar ana taunar ƙanzo.
Shagon Halyna na maƙale tsakanin mai wanki da mai burodi.
Ta ce a tuɓe hula. A cire tabarau, gilashin na ƙyalli.
Ta ja farin labule,
ta ɗaga masa haɓa da yatsu biyu
kamar mai duba nunar gwanda.

Daga haɓa zuwa tsakar ka, in ji ta,
kada ya gaza talatin da ɗaya,
kada ya zarce talatin da shida.
Ta gwada mini a jikin rula.
Ko tsawon babban yatsana bai kai ba.
Nan za a cusa shekara saba'in da uku,
da tabon ƙugiya a gira,
da idon da ke gane hadari tun yana bayan tsibiri.

Baba ya tambaye ni da harshenmu, me take cewa?
Na ce, wai ka daina murmushi.
Ya dube ni. Ya dubi fitilar.
Sai dariya ta ƙwace masa,
irin wadda ke girgiza kafaɗa har da tari,
har Halyna ta sauke kyamara tana share ido.
Ta ce uwarta ma haka bakinta ya koma.
Ku haɗa da takardar likita, ku daina wahalar da tsoho.

Muka jira dariyar ta janye
yadda ake jiran ruwa ya sauka daga gaɓa.
Walƙiya ɗaya.

Ta buga hatimi a baya, ta sa kwanan wata,
ni na rubuta: Anastacio Villaruel,
a hankali, kada biro ya huda fuskar.

A bas ya ciro shi daga aljihun ƙirji,
ya miƙe hannu nesa, don tabaran na jakata.
Ya daɗe.
Ya ce, wannan ai kakanki ne.
Shi za su bari ya zauna?