Bangon Asibitinmu

Ni ce mai auna jini a ƙaramin asibitin Kakuri.
Shekara goma sha ɗaya ina manna takardu a bango:
a wanke hannu, a tafasa ruwa, a rufe masai.
Ruwan sama ya wanke wasu, awaki suka cinye saura,
amai da gudawa kuwa ba su iya karatu ba,
duk damina sai su biyo kwata su yi mana sallama.

Wata Talata Baba Tanimu ya zo,
jininsa ya hau har sai da na sake aunawa.
Shi ne mai zana furanni a jikin atamfa
zamanin da masaƙu ke busa jiniyar asuba,
kafin injuna su yi shiru, ciyawa ta cinye ƙofa.
Na ce, Baba, me kake ci? Ya ce, tunani.
Barci fa? Ya ce, ya bi albashi.
Na ƙirga masa ƙwaya talatin.
Ya tsaya a waje ya ƙura wa bangonmu ido
kamar mai duban farin yadi kafin a kai marina.
Ya ce, 'yar nan, bangon nan tsirara yake.

Bai nemi kwamiti ba.
Ya roƙi ragowar fenti wajen masu gyaran mota,
ya haɗa da bula da jar ƙasar bakin kogi,
ya ratsa ta layin dogo
inda samari ke kwankwaɗar maganin tari ba sa tari,
ya ce yana neman mai riƙe masa tsani.
Biyu suka taso, Sagiru da Bulus,
don sun ji an ambaci shayi da burodi.

Farko suka zana mace tana wanke hannu.
Unguwa duk ta gane Kande mai ƙosai.
Ta zo da faɗa, wai hancin ya yi girma,
ta tsaya, ta daɗe, ta tafi tana gyara ɗankwali.
Washegari ga buta da sabulu kusa da kaskonta.
Ta ce, ba za a zana ni da tsabta
in kunyata hotona ba.

Suka zana sauro kamar ɗan akuya
yana kuka a bayan gidan sauro,
yara na tsayawa su yi masa gwalo.
Mata masu awon ciki suka bar jira a ciki,
suka jawo benci inuwar bango,
kowace na ba da shawarar launi,
daga launi hira ta gangara kan nono da rigakafi,
abin da na yi shekaru ina faɗa
ga shi suna faɗa wa juna da dariya.

Bulus ne ya zana kwalba a can ƙurya,
da yaro a ciki, ya dafa gilashin da hannu biyu.
Ba wanda ya tambaye shi ko wane ne.
Ranar bai sha shayi ba.

Ba zan yi ƙarya ba:
daminar bara mun rasa ɗan Asabe,
fenti ba ya tace ruwan rijiya.
Bulus ya koma layin dogo sau biyu,
sau biyu Baba ya je da buroshi ya tsugunna gefensa.
Sagiru yanzu rubutu yake yi a bayan keke,
yana sallamar kuɗin cefane.
Gadajen da kan cika a watan Agusta
bana na ga katifar uku daga ciki.

Jiya Baba ya miƙo hannu na ɗaura awo,
allura ta sauka, ta tsaya inda ake so.
Ya ce barci ya dawo, albashi ne dai shiru.
Koren fentin damtsensa ya ɓata mini abin awo,
ni mai wa'azin sabulu,
har yau ban wanke ba.