Furen da Ya Iya Mutuwa

Shekara tara ina ƙawata zauren biki a Jos
da furen roba, mai zuwa a kwali.
Ba ya jin ƙishi, ba ya jin rana,
ƙudan zuma bai taɓa yi masa sallama ba.

Sai ranar da akuyar Inna Tabawa ta daina ci.
Kwana uku tana jingine da katanga
kamar mai jiran a biya ta bashi.
Da mahauci ya farke tumbinta
ya jawo leda, ya jawo tsumma,
ya jawo wani zare ruwan zinari, kamu biyu.
Na gane shi.
Ni na ɗaura shi a kujerar amarya
Asabar biyu da suka wuce.

Ban ce uffan ba.
Na dai wanke hannuna sau uku,
abin bai fita ba.

Yanzu da assalatu nake fita Lamingo,
sanyi na cizon yatsa,
in tarar da Baba Choji cikin kunyoyinsa
da almakashi da tsohuwar hular ulu.
Ramin da masu haƙar kuza suka bari
ya tara ruwa, shi yake ɗiba yana ba wardi.
Yakan ce, "Ƙasa ba ta riƙe mutum a zuci,
an yi mata rauni, ta mai da shi rijiya."
Ya yanka min sittin, ya ɗora biyar gyara,
raɓa na bin hannun rigata.

A bikin Rumasa'u na jera tuluna sha biyu,
jar ƙasa, wasu da tabon wuta a gefe.
Tsakuwa ce ta riƙe ƙafar kowane fure,
ba koren soson nan da ba ya ruɓa ba.
Karan acca na saƙa a ƙofar shiga,
na rataya busasshen zoɓo da igiyar rama,
ganyen ayaba ya zama shimfiɗar tebur,
ɗoɗɗoya a ƙwarya, don hanci ma ya ci biki.

Gwaggon amarya, Hajiya Lantana,
ta tsaya, ta gyara zaman gilashinta.
"Kuɗinmu ne ya gaza
aka kwaso mana tukwanen ƙauye?
Wannan ai kafin la'asar ya langaɓe."
Na ce, "Zai langaɓe, Hajiya.
Ni ma haka, in an jima."
Ta harare ni, ta wuce.

Amarya ta shigo a lulluɓe,
ba ta ga komai ba tukuna,
amma na ga ta tsaya a bakin ƙofa
ta ja numfashi mai tsawo.
Wannan tsayuwar ita ce ladana,
sauran kuwa kuɗin mota ne da na yara.

Da aka watse, ina ƙirga tuluna,
sha ɗaya.
Can na hango Hajiya Lantana wajen mota,
mayafinta ya yi ciki,
kan wardi ɗaya na leƙowa ta hammata.
Na kau da kai.

Washegari ni da Kangyang muka share zauren.
Buhu huɗu: ganye, kara, furen da ya gama aiki.
Za mu mai da su ramin takin Baba Choji
su kwanta, su yi zafi, su yi baƙi,
baɗi su dawo bikin wata
da ba ta ma san angonta ba tukuna.

A hanya buhu ɗaya ya huje.
Jajayen ganyen wardi na zuba bayan baro,
wata akuya ta biyo mu tana tsinta.
Kangyang ta ɗaga kara za ta kore ta.
Na riƙe hannunta.
Na ce, "Bar ta ta ci."