Tsakar Rana a Kaltungo

Tun da yana ta rufe idon Baba Yila
ni ce idonsa.
Nakan ja kujera 'yar tsuguno gindin mangwaro,
Dutsen Kilang na can tsaye kamar mai jiran amsa,
in buɗe littafin nan mai shuɗin bango
wanda gara ta ci kusurwarsa.

Rubutun hannunsa ne, tun yana saurayi
yana koyar da masu bishara.
Daga wani tsohon kundi ya juyo shi da Hausa,
fitilar ƙwai na yi masa hayaƙi:
labarin wani mai zuhudu a hamadar Masar,
can farkon zamanin masu bin Almasihu.
Shafin da ke ɗauke da sunansa ya yage.
Mutumin Rairayi, haka Baba ke kiransa.

Ɗan birni ne, an ce, mai zaƙin baki,
in ya yi wa'azi har manya sukan miƙe.
Sai zuciya ta karkata inda bai halatta ba.
Bai jira carar zakara ba,
ya bar alkyabbarsa rataye, ya bi jirgin ruwa,
ya ƙare a ɗakin laka da bai fi rumbu ba.
Busasshiyar gurasa, gishiri, ruwa awon ƙoƙo.
Yana saƙa kwando, yana rubutu,
yana ƙirga tunanin da ke kai masa hari
kamar manomi mai ƙirga ɓarnar biri.

"Karanto min na tsakar rana," in ji Baba.
Kullum shi.

Na karanta: Akwai baƙon da ba ya zuwa da dare.
Sai rana ta take, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa,
ya zauna kusa da kai kamar ɗan'uwa,
ya ce ɗakin nan ya yi maka kaɗan,
sa'o'inka sun yi nisa,
addu'arka ko jinka ba ta hudawa.
Kada ka ja da shi, ya fi ka iya magana.
Ƙara kaba ɗaya a kwandonka.

Muryata ta sarƙe.
Shekara uku takardar aikin jinyata na cikin akwati.
Jiya Keziya ta kira daga Jos,
akwai gurbi, ranar Litinin za a rufe.
Ban faɗa wa kowa ba.

Baba ya laluba ya kama sandarsa, bai tashi ba.
"Mutumin nan ya riƙe ni shekarar da kakarki ta rasu,
da rana ke ƙin faɗuwa.
Amma fa ba duka na bi shi ba.
Ya hana cikinsa dafaffe har cikin ya lalace,
ni kuwa tuwon dawa da miyar kuka
ban taɓa jin sun tsaya tsakanina da Ubangiji ba."

Ya yi dariya har da tari.

"Wayarki ta yi kuka sau uku jiya, Damaris.
Makaho ba kurma ba ne.
Shi ma sai da ya tashi kafin ya iya zama.
Can za ki tarar da baƙon yana jiranki,
tsakanin gado da gado, ƙarfe ɗaya na rana.
Tafi da littafin, na haddace."

Na duba ƙasa.
Inuwa ta fito daga ƙarƙashin ƙafata
kamar taki ɗaya, wajen gabas.
Daga madafa Inna ta ce a zo a ɗauki tuwo.