Mabiyiyar da Ta Riga

Ana ce mata mabiyiya don a bayan ɗa take zuwa,
tawa kuwa ta riga ni.
Haka Inna Fassuma ke faɗi tana dariya,
wai tun a ciki na fara shan wahalar gaggawar wasu.

Daren Talata ne, ciki na wata takwas,
tana layin famfo a Garin Malam,
jarka biyu a gabanta, ruwan bai zo ba,
sai ciki ya ƙame kamar dutsen Birni,
jini ya bi zane har diddige.
Amalanken Ilu mai itace ya kai ta matarnite,
jakin na tafiya, Ilu na salati.
Aka tsaga, aka ciro ni, ban yi kuka ba sai da aka mare ni.
Leda uku ta sha:
biyu na kawunnaina,
ɗaya ta wani soja da har yau ba mu san sunansa ba.

Aka yi suna, aka ci rago, aka ce an tsallake.
Wankan jego, kunun kanwa, barka da arziki.
Kowa ya naɗe zancen kamar tabarmar baƙi.
Takardar asibiti ta shiga ƙasan akwati
tare da zanen da bai ƙara fita ba.

Shekara goma sha bakwai tana matsar man gyaɗa,
tana kai ƙuli-ƙuli kasuwar Dole.
In kai ya sara, ta ce rana ce.
In numfashi ya tsaya mata a hawan Tudun Jamus,
ta ce ai kayan ne da nauyi.

Ran wata Asabar, da hantsi,
ludayi ya suɓuce daga hannunta na dama.
Ta dube shi a ƙasa kamar na maƙwabta.
Baki ya zame gefe.
Ta so ta ce Barira,
abin da ya fito: Bari.
Ban bari ba, na ruga titi ba takalmi.

Likita ya cire abin awo daga damtsenta, ya tambaye ni:
ta taɓa shan wuya wajen haihuwa?
Na ce tsohon zance ne, ga ni nan na girma.
Ya ce kabewa ko ina ta yi yaɗo, tushenta ɗaya.
Jijiyar da ta saki a mahaifa
ƴar'uwar ta zuciya ce, ƴar'uwar ta kai.
Ba kowa abin ke bi ba,
amma wadda ta ga irin wannan dare,
kamata ya yi a riƙa auna ta tun tana jin ƙarfi.
Ba wanda ya gaya mana.
Mun ɗauka bashin jini ne kaɗai, kuma an biya.

Yanzu magana ta dawo, tana ɗingishi.
Hannun yana kama kofi in an ba shi lokaci.
Ni ke ƙirga ƙwaya, fara da safe, ƙarama da dare,
ni ke ɓoye gishiri a bayan tulu.
Ta ɗanɗana miya ta ce wannan ai makoki ne.
Duk Alhamis muna zuwa awon tansiyo,
ta zauna bisa benci tana yi wa masu ciki tsiya.

Wani dare ina shafa mata mai a ƙafa, na ce:
Inna, ni na jawo miki?
Ta ɗaga hannun mai lafiya ta dungure ni.
Ke kin zo a kan lokacinki, in ji ta,
waccan ce ba ta da haƙuri.

Jiya ta sa na riƙe ta har gidan Sahura,
wadda tata ta riga a damunar bara.
Sahura na daka, goyo a baya, ta ce ai ta warke sarai.
Inna ta zauna bisa turmin da aka kife,
ta miƙa hannun dama a hankali har ya iso.
Ajiye taɓarya, ta ce.
Alhamis da mu za ki.