Gurbin Da Na Bari A Buɗe

Saddiƙa, matso da kujerarki.
Jibi kwamfutar nan taki ce.
Kafin a ɗauke wuta, bari in nuna miki
inda na farke, inda na sake ɗinki
a rigar da aka yanko mana daga nesa
ba a auna wuyan mutumin Daura ba.

Tambaya ta uku: ranar haihuwa.
Da jan tauraro a kanta, wai dole.
Baba Nomau na Mazoji ya ce,
“Shekarar da fara ta cinye geron ubana,
ina goye.”
Allo ya yi ja, ya kafe.
Na zauna bakin tabarmarsa kamar mai bin bashi.
Da dare na cire tauraron,
na buɗe wani gurbi a ƙarƙashi:
me ya faru a shekarar?
Lissafin namu ne, in mun dawo ofis.

Kada ki ce wa manomi hekta.
Na jera masa dami, buhu, tiya,
ya zaɓi abin da hannunsa ya sani,
manhaja ta yi juyinta a bayan labule.

Ki kula da haruffa masu ƙugiya.
Makon farko wayoyinmu suka haɗiye su.
Mun rubuta baƙi nawa ke kwana gidanka,
ya fito baki nawa.
Malam Jatau ya ƙirga, ya ce goma sha tara,
har da jaririn da ko suna ba a yi ba.
Tun ranar ba na sakin fom
sai na buɗe shi a wayar Ɗan'azumi direba,
mai tsagaggen gilashi, mafi arhar wayoyi.
In ita ta karanta, kowa zai karanta.

Ga hanyar tsallake. Ita na fi so.
Gwaggo Tasallah ta ce awakinta bakwai
dare ɗaya aka kora su,
amma allo bai ji ba, ya ci gaba:
me suke ci, wa ke tatsa, nawa suka haifa bana?
Na karanta mata duka, Allah Ya yafe mini.
Yanzu in amsa ta zo babu,
sai fom ya yi shiru, ya haye tambaya tara.
Na'ura ma ana koya mata kara.

Lambar waya kuwa, cire mata kwado.
A Sandamu waya ɗaya gida biyar take yi wa aiki,
manhaja ta ɗauka mutum guda ne ke maimaita kansa.
Ba kowane gida lambarsa daban.

Sabis kamar ruwan farkon damina ne,
ya jiƙa gonar wani, ya tsallake taki.
Ajiye amsa cikin waya, ki tura in kin shigo gari,
kuma kada ki goge ko ɗaya
sai adadin can ya yi daidai da na littafinki.
Arba'in da biyu na taɓa rasawa. Ban ci tuwo ba.

Saura guda, ta ƙarshe, ita ta gagare ni.
Daga ɗaya zuwa biyar, yaya rayuwa?
Mai cikakken rumbu ya ce alhamdulillahi.
Wanda rumbunsa ya ƙone ya ce alhamdulillahi.
Na gwada tsakuwa biyar a faifai,
na gwada fuskoki masu dariya da kuka,
tsofaffi suka ce wasan yara na kawo.

Sai na bar fili a ƙasanta, marar iyaka,
babu tauraro, babu zaɓi.
Nan nake rubuta tsawon shirun da ya riga kalmar,
da inda ido ya kalla.
Masu karɓar rahoto ba sa buɗe shi, na sani.
Ke dai kada ki rufe.

Ungo cajar. Bakinta ya saki,
sai kin ɗan danne ta da littafi.